Ƙwaƙwalwa Ba Ta Kwana: Tambayoyi da Amsoshi kan Barci, Mafarki da Na'urorin da ke Leƙa Cikin Kai

Ba a rana ɗaya aka yi mini waɗannan tambayoyi ba. Wasu ɗalibai ne suka tare ni da su bayan an tashi daga aji a Samaru ta Zariya, wasu a majalisarmu ta bayan La'asar a Tudun Wada suka taso, wasu kuwa iyaye ne da aka miƙa musu takardar gwaji a asibiti, suka fito ba su san abin da za a yi wa ɗansu ba, nauyin baki ya hana su tambayar likita. Na bar tambayoyin kusan yadda masu su suka furta su. Bayani ne kawai na yi. Wanda ba shi da lafiya, likita ne zai duba shi, ba rubutu ba.

Malam, wai da gaske akwai wutar lantarki a cikin kan mutum?

Akwai, amma ba irin wadda ake kawo mana a ɗauke ba. A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace tana aika saƙo ga 'yan uwanta ta hanyar wani ɗan bugun lantarki da ke samuwa idan sinadaran gishiri, wato sodiyam da fotasiyam, suka shiga ko suka fita ta fatar ƙwayar. Abin da ke isowa fatar kai daga wannan hada-hada ɗan mitsitsi ne. A galibi bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na ƙarfin batirin tocila ba. Duk da haka ƙwaƙwalwa akwai ci. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke lashe kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa.

To mene ne raƙuman ƙwaƙwalwa da ake faɗa?

Ka taɓa tsayawa a bayan katangar makarantar allo da safe? Kowane yaro yana karanta allonsa, wannan yana farkon sura, wancan yana ƙarshe. Kai da ke waje ba ka jin kalma ko ɗaya, sai wani guna-guni mai sauri, mara tashi mara sauka. Amma da zarar malam ya ce a biya tare, sai muryoyin su haɗu, su tashi tare su sauka tare, har mai wucewa a kan titi ya ji. Yaran ba su ƙaru ba, haɗa baki suka yi.

Haka na'urar EEG take, wato na'urar da ke ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake manna wa fatar kai, ta fitar da shi a zane. A bayan katanga take tsaye, wato bayan ƙashin kai da fata, ba ta jin ƙwaya ɗaya, sai taron dubbai. Idan mutum yana farke yana lissafin kuɗin kasuwa, kowace ƙungiyar ƙwayoyi na kan allonta, sai zanen ya fito ƙanana-ƙanana da sauri. Wannan shi ne beta, yana kaɗawa sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa guda. Idan ya rufe ido ya saki jiki bai yi barci ba, sai alfa ya bayyana, musamman ta ƙeya, sau 8 zuwa 13. Gyangyaɗi ya fara ɗibarsa, sai teta, sau 4 zuwa 8. Barci ya yi nisa, ƙwayoyin sun haɗa baki, sai delta: manyan raƙuma masu tafiyar ƙasaita, ƙasa da sau 4 a daƙiƙa. Akwai kuma gama, wanda ya haura 30, sai dai shi yana da wuyar kamawa da kyau ta saman fata, domin motsin tsokar goshi da muƙamuƙi kan cakuɗe da shi.

Abin da ke rikita ɗalibai a nan shi ne, babban zane ba ya nufin babban tunani. Sau da yawa akasin haka ne.

Wa ya fara gano wannan?

Wani likita a Ingila, Richard Caton, ya ga alamar lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai tun 1875. Amma wanda ya fara ɗaukar ta a jikin mutum shi ne Hans Berger, likitan taɓin hankali a garin Jena na Jamus, a 1924. Sai da ya shekara biyar yana maimaita gwajin, yana kokwanton kansa, kafin ya buga sakamakon a 1929. Ko da ya buga ma, da yawa ba su yarda ba, sai da masana a Kambirij suka maimaita a 1934 suka ga abin da ya gani. Berger ne ya lura cewa alfa na ɓacewa da zarar mutum ya buɗe ido, kuma har yau da wannan ake fara gwajin: rufe ido, buɗe ido.

Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa. Ke nan ƙwaƙwalwa kashe kanta take yi sai safe?

Ga mai kallo daga waje, maganar ta zauna: mutum kwance, ba ya ji ba ya gani. Amma a ciki ba a tashi daga aiki ba, sauya aikin aka yi. Barci hawa-hawa ne, kuma a dare ɗaya mutum yakan sauka ya hau sau huɗu zuwa shida, kowane zagaye kimanin minti 90.

Hawa na farko shi ne bakin ƙofa, 'yan mintoci kaɗan. A nan ne mutum kan ji kamar ya zame daga kan dakali sai ya zabura, kuma a nan ne idan ka tashe shi zai rantse maka bai yi barci ba, yana jin duk hirar da ake yi. Hawa na biyu shi ya fi cinye dare, kusan rabinsa. Zafin jiki ya ɗan sauka, bugun zuciya ya lafa, a kan takardar EEG kuma sai a riƙa ganin wasu 'yan gajerun kaɗawa masu kumburin ciki da sirancewar baki, kamar zaren da aka naɗe a mazari. Hawa na uku shi ne na delta, barci mai nauyi, wanda ko ganga aka buga da ƙyar mutum ya motsa. A cikinsa ne jiki ya fi sakin sinadarin girma da gyaran tsoka, shi ya sa maganar tsofaffi cewa yaro a barci yake girma ba ta faɗi ƙasa ba. Yawancin wannan barci mai nauyi a farkon dare ake samunsa.

Sai na huɗu, wanda ya saɓa wa duka. Shi ya cancanci tambayarsa daban.

Me ya sa mafarki ya fi yawa gab da asuba?

A 1953, a Jami'ar Shikago, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka ba da rahoton wani abin mamaki. Akwai lokutan da idon mai barci ke zirga-zirga da sauri a ƙarƙashin fatar ido, zanen EEG kuma ya koma kamar na wanda yake farke, idan aka tashe shi a daidai nan sai ya ba da labarin mafarki tiryan-tiryan. Wannan hawa shi ake kira REM, wato barcin saurin motsin ido. Yakan ɗauki kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcin babban mutum. Jariri sabon haihuwa kuwa kusan rabin barcinsa ke nan.

A zagayen farko na dare REM gajere ne, minti goma ko ƙasa. Yana ƙara tsawo da tafiyar dare, har na ƙarshe ya kai rabin awa ko fiye. Don haka kiran sallar farko ya fi samun mutum a tsakiyar mafarki, kuma mafarkin da aka farka a cikinsa shi ake tunawa. Mai cewa shi ba ya mafarki, galibi yana yi, mantawa yake. A sauran hawan ma akan yi mafarki, sai dai bai cika zama dogon labari mai launi ba.

Wani dattijo ya taɓa tambayata ko wannan bayani ya ci karo da abin da malamai ke faɗa game da ruhi da mafarkin gaskiya. Na ce masa na'ura jiki take aunawa. Za ta gaya maka lokacin da aka yi mafarkin, amma ba ta san abin da aka gani ba, balle fassararsa.

Dannau fa? Ni kam yana yawan danne ni, ina ji ina gani amma ko yatsa ba na iya ɗagawa.

Sannu, wanda bai taɓa ji ba ba zai gane tashin hankalin ba. Ga abin da ke faruwa. A lokacin REM, tushen ƙwaƙwalwa yakan kulle tsokokin jiki, ya bar na ido da babbar tsokar numfashi da ke ƙasan huhu. Rahama ce, ba don haka ba, mai mafarkin dambe da ya kai wa na kusa da shi naushi. Dannau shi ne hankali ya riga jiki farkawa. Ido ya buɗe, kana ganin rufin ɗakinka, amma kullen bai saki ba tukuna. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna cikin waɗanda aka kulle, sai ka nemi jan dogon numfashi ya ƙi, ka ji kamar an ɗora maka buhun masara a ƙirji. Kuma da yake guntun mafarki bai gama wucewa ba, sai a ga inuwa a bakin ƙofa ko a ji takun tafiya.

Ba mu kaɗai muka san shi ba. Mutanen Japan suna da sunan da suke kiransa, ma'anarsa ɗaurin ƙarfe. Daƙiƙoƙi yake ɗauka zuwa 'yan mintoci, numfashi ba ya tsayawa, kuma shi kansa ba ya kisa. Abubuwan da suka fi janyo shi: ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya yau daban gobe daban, damuwa, da kwanciya rigingine. Wanda ya saba addu'ar kwanciya ya kwanta ta gefen dama, ya riga ya kauce wa ɗaya daga cikinsu. In ya zo, kada ka yi kokawa da shi. Ka mai da hankali kan motsa ɗan yatsa ko lumshe ido, zai saki. Amma idan yana zuwa a kai a kai, ga barci na kwashe ka da rana tsaka kana magana, ko gwiwa ta saki idan ka yi dariya, to wannan ya wuce dannau na kowa da kowa, a je asibiti.

Yarona yana tashi cikin dare ya yi tafiya ido buɗe, da safe ya ce bai san an yi ba.

Wannan daga barci mai nauyi yake fitowa, ba daga mafarki ba, shi ya sa ya fi faruwa a farkon dare kuma yaron ba ya tunawa. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ya farka, wani yana can cikin delta. Yara sun fi manya yawan barci mai nauyi, yawancinsu kuma suna daina wa da sun girma. A kama hannunsa a hankali a mai da shi shimfiɗa, ba tsawa ba duka. A rufe rijiya, a kashe garwashi, a sa sakata. In ana ganin jijjiga, ko taunar harshe, ko abin na maimaituwa iri ɗaya sak sau da yawa a dare, a sanar da likita.

Me ke sa mu jin barci da dare, kuma me ya sa goro ke kore shi?

Abu biyu ne ke aiki tare. Na farko wani sinadari ne, adinosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da ka farka, kamar toka a murhu. Yawansa ke sa ido nauyi, barci ne kuma ke kwashe shi. Na biyu agogo ne na cikin jiki, wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta. Da haske yake saita kansa. Duhu ya yi, sai ya ba da izini a saki sinadarin melatonin, jiki ya san dare ya yi. Masana uku 'yan Amurka, Hall da Rosbash da Young, sun sami kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta, kuma da ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suka yi binciken.

Sinadarin kafin (caffeine), wanda ke cikin goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari, ba ya kwashe tokar. Zama yake yi a kujerar adinosin ya hana shi isar da saƙo. Gajiyar tana nan tana jira. Jiki kuma yakan ɗauki kamar awa biyar kafin ya rage rabinsa, don haka goron da aka ɓara bayan La'asar, rabin ƙarfinsa na nan da ƙarfe goma na dare. Waya ma tana da nata laifin, ta fuska biyu: haskenta a fuska, da kuma abin da ke cikinta wanda ba ya barin zuciya ta kwanta. Ni a ganina na biyun ya fi ɓarna.

Ƙailula tana da amfani, ko lalaci ce?

Tana da shi. Kasalar bayan Azahar ba laifin tuwo ba ce kaɗai. Agogon jiki da kansa yakan ɗan sassauta a wannan lokaci, ko an ci ko ba a ci ba, balle a zafin Maris da Afrilu na Zariya. Sirrin shi ne a taƙaita, minti 20 zuwa 30. Wanda ya zarce ya faɗa barci mai nauyi aka tashe shi a ciki, shi ne zai tashi da magagi yana tambaya ko an yi Magariba. A watan azumi, da Tarawihi da sahur da Tahajjud suka yanka dare gida-gida, ƙailula ce ke cike wani ɓangare na giɓin.

Ni ɗalibi ne. In na kwana karatu kafin jarrabawa, ba na fi wanda ya kwanta riba ba?

A mako na jarrabawa, ka zaga azuzuwan Samaru ko Kongo da ƙarfe uku na dare, za ka same su cike, wani ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa, wani na tauna goro kamar tsohon direba. Ina tausaya musu, domin rabin wahalar a banza take tafiya. Abin da ka karanta da rana yana fara sauka ne a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kama da zaure, wurin saukar baƙi. A cikin barci ne ake shigar da shi cikin gida. A 1994 masu bincike sun nuna cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke zagaya wani wuri, su ne suka sake bugawa tare bayan ya yi barci, kamar yana tilawa. Ka yi karatu, ka kwanta, ka tashi da asuba ka maimaita. Ya fi ka shiga ɗakin jarrabawa da jan ido kana karanta tambaya ɗaya sau uku. Almajiran da ke wanke allo sun daɗe da sanin darajar karatun asuba.

Direba ne ni, ina Kano ina Kaduna. Na saba, barci ba ya ɗaukata a kan sitiyari.

Ranka ya daɗe, kowa haka yake cewa. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan saci barci na daƙiƙa biyu zuwa 'yan kaɗan, wani lokaci ido a buɗe, mai ita bai sani ba. EEG na nuna shi ƙarara. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Angaje na daƙiƙa huɗu ya fi tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari. Idan ka wuce Kwangila ta Zariya ba ka tuna ka wuce ba, ko hamma ta ƙi ƙarewa, ka faka ka runtsa. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa biyan bashin, kuma an ce barci ba a cin bashinsa.

Awa nawa ya kamata a yi?

Babba, 7 zuwa 9. Matashi, 8 zuwa 10. Ɗan firamare, 9 zuwa 11. Jariri sabon haihuwa, 14 zuwa 17, a rarrabe. Ma'auni mafi sauƙi: in kana gyangyaɗi a huɗuba ko a cikin Keke Napep kusan kullum, bai ishe ka ba.

Maigidana yana munshari har maƙwabta na ji, wani lokaci numfashin ya ɗauke. Abin damuwa ne?

Munshari kaɗai ba lallai ba. Amma wanda kika kwatanta, Hajiya, ya yi shiru kamar an shaƙe shi sannan ya fizgo numfashi da ƙarfi, alama ce ta toshewar maƙogwaro a cikin barci. Kowace toshewa tana sa ƙwaƙwalwa ta ɗan farka don ta ceci numfashi, wani sau da dama a awa guda, shi kuwa bai sani ba. Sai ya wayi gari da ciwon kai, ya wuni yana barci a zaune. Yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, ya fi kama masu ƙiba da kaurin wuya, kuma ana maganinsa. Kada a ba shi ƙwayar barci, ƙara sakin maƙogwaron take yi. Ke ce shaida, ki raka shi wurin likita ki faɗi abin da kike gani.

Ciwon barci da kakanninmu ke ba da labari, shi ma daga ƙwaƙwalwa ne?

A can yake ƙarewa. Ƙudan tsando ne ke ɗauko ƙwayar cutar, ta zauna a jini, daga baya ta tsallaka ƙwaƙwalwa ta rikita agogon nan da muka ambata. Sunan yana ɗan ɓatar da mutum: ba yawan barcin ne ya fi ƙaruwa ba, tsarinsa ne ke wargajewa, a yi shi gutsi-gutsi dare da rana. Ƙasar Zazzau ta san shi sosai. Saboda annobarsa a shekarun 1930 aka yi aikin Anchau, aka sassabe kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mutane zuwa sabon gari da aka raɗa wa suna Takalafiya. Har yau akwai cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna.

An rubuta mana EEG, maƙwabcinmu kuma CT, wata MRI. Ba duk hoton kai ba ne?

A'a, kuma wannan ruɗani yana sa mutane asarar kuɗi, su je su yi wanda ba a nema ba don sun ji ya fi tsada. Kowanne tambayar da yake amsawa daban.

CT da MRI magina ne, ginin suke dubawa: ina ya tsage, ina ya kumbura, ina jini ya taru. EEG kuwa mai sauraro ne, ba ya ganin ginin, hayaniyar cikin gidan yake ji, kuma yana jin ta nan take, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Gida na iya zama lafiya ƙalau a ido alhali ana rigima a ciki. Haka mai farfaɗiya zai iya yin MRI a ce ba a ga komai ba.

CT hoton eksire ne da ake ɗauka ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa shi yanka-yanka. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera shi, aka fara gwada shi a kan mara lafiya a Landan a 1971, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack. Yana da sauri, 'yan mintoci. Shi ake nema in ɗan acaba ya faɗi ya bugu a ka, ko mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, domin a san ko jijiya ce ta fashe ko toshewa ta yi. Maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Da yake akwai tururin eksire a ciki, ba a yin sa don marmari, mai juna biyu kuma ta faɗa tun kafin a fara.

MRI ba ya amfani da eksire. Ƙaton maganaɗisu ne, wanda aka fi amfani da shi ya ninka na duniya kusan sau 30,000, yana aiki da ruwan da ke jikin nama. Ya fi CT fito da ƙananan abubuwa, kamar ƙari ko tabon da ke haddasa farfaɗiya, amma yana ɗaukar rabin awa ko fiye, cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami Nobel a kansa a 2003. Ƙarfe ne abokin gabarsa: makulli, 'yan kunne, fil ɗin hijabi, waya, duk a waje. Wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya, ko mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko mai harsashi a jiki, wajibi ne ya faɗa.

Na ga hoton ƙwaƙwalwa da wani wuri ya yi ja, an ce nan ne tunani yake. Ke nan za a iya karanta abin da ke zuciyar mutum?

Wannan shi ne fMRI, wanda ya ginu a kan abin da Seiji Ogawa ya nuna a 1990, cewa jini mai ɗauke da iskar oksijin da wanda ya sauke ta ba sa amsa maganaɗisu iri ɗaya. Sashen da ke aiki yakan jawo ƙarin jini. Kamar ka hau tsaunin Kufena kana kallon unguwa, ka ga 'yan ga-ruwa sun yi layi a ƙofar wani gida, ka ce lalle ana hidima a can. Ka san gidan, amma ba ka san ko suna ne ko biki ba, kuma ruwan yana isowa ne bayan an fara, da jinkirin daƙiƙa huɗu zuwa shida. Jan launin ma kwamfuta ce ta shafa shi bayan lissafi. A wani gwajin hoton kuma, mai suna PET, sukari ake yi wa alama da ɗan sinadari mai tururi a zuba a jini, a ga inda aka fi cinsa.

A ɗakunan bincike an kai ga yin hasashen irin hoton da mutum ke kallo, bayan an shafe sa'o'i ana horar da kwamfuta a kan ƙwaƙwalwarsa shi kaɗai, da yardarsa, yana kwance ba motsi. Tsakanin wannan da karanta sirrin zuciya akwai tafiya mai nisa. Waɗannan hotuna dai sun kashe wata tatsuniya, wai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi. Babu sashen da ke zaman banza.

Wayoyin da ake manna wa yaro a ka, ba za su ja shi ba?

Ko kaɗan. Karɓa suke yi, ba sa bayarwa. Ba allura, ba zafi, ba aski.

Ɗiyata tana faɗuwa, amma an yi EEG an ce lafiya lau. Ke nan ba farfaɗiya ba ce, iska ce?

Kada a yi saurin yanke hukunci. Gwajin minti 20 zuwa 40 ne, farfaɗiya kuwa ba kullum take magana ba. Kusan rabin masu ita, gwajin farko ba ya nuna komai. Shi ya sa likita kan sa a maimaita, ko a yi shi bayan an rage barci, ko a cikin barcin, domin gyangyaɗi yana fito da abin da ya ɓuya. Kuma ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba. Akwai suma ta zuciya, akwai ta saukar sukari, akwai ta tsananin damuwa. Labarin wanda ya gani da idonsa shi ne rabin ganewar.

Farfaɗiya ita ce ƙwayoyin nan su haɗa baki fiye da kima, a lokacin da bai dace ba, kamar taro ya ɓarke da ihu. Ba kullum take zuwa da jijjiga ba. Akwai wadda yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kawai, malami ya ɗauka rashin ji ne ya zane shi, alhali EEG zai nuna wani zane na musamman mai bugawa sau 3 a daƙiƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. A wajenmu sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda da buguwar kai suna cikin musabbabai. Tiramadol ma yana tayar da jijjiga. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko ta taɓawa. Babu mai hana addu'a, amma kada a ajiye ƙwaya saboda ita, domin yanke magani farat ɗaya na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa.

In ta faɗi: a janye wuta da ruwa da abu mai kaifi, a sa tsumma a ƙarƙashin kai, a juya ta gefe. Ba cokali a baki, ba ɗura, ba hayaƙi, ba danne ta. A duba agogo. In ta haura minti 5, ko ta maimaita ba ta farfaɗo ba, sai asibiti.

An tura mu asibitin koyarwa na Shika yin EEG, an ba mu rana. Me za mu shirya?

A wanke kai daren ranar, a bar shi ba mai ba man kitso, domin maiƙo yana hana wayoyin kamawa. Mata su tsefe ƙananan kitso, a cire ƙarin gashi, a tafi da ɗankwali na ɗaurawa bayan an gama, don man da ake mannawa da shi yakan bar kai fari-fari sai an wanke. A ci abinci kamar kullum, amma a bar goro da shayi da kofi a ranar. Kada a tsayar da maganin da ake sha sai in likita ne ya ce. In an ce a rage wa yaro barci, a bi adadin da aka faɗa, kuma kada a bar shi ya yi barci a mota a hanya.

A ɗakin, za a auna kai da tef a manna 'yan faya-fayai kimanin 21. Za a ce a rufe ido, a buɗe, a yi ta jan numfashi mai zurfi na minti uku, sannan a kunna fitila mai walƙiya a gaban fuska. Ƙaramin yaro a tafi masa da abin da ya saba riƙewa. A ɗauki kwalayen magungunan da yake sha da tsofaffin takardun gwaji. Wanda ya ga faɗuwar da idonsa shi ya kamata ya yi rakiya, ba wanda aka ba labari ba, in kuma akwai wanda ya ɗauka a waya, a tabbatar wayar na da caji.